Babban Yatsan Hajja A'i

Asabar, bayan la'asar

Fara sa ranar da lokacin. Saleh ya ce idan aka kama mutum abin da ake fara tambayarsa ke nan: wace rana, ƙarfe nawa, kina ina. Ni ban san ƙarfe ba, salla na sani. Ki sa la'asar.

Ni ce A'i, matar marigayi Malam Abdulghaffar, uwar Saleh direba. Mai riƙe da biron Mansura ce, 'yar Gusau, da ke haya a ɗakin baya. Ban yi karatu ba, na allo ko na boko, kuma kar ki gyara min magana, yadda na faɗa haka za ki sa.

Ina zama da tirena a tashar bas ta Madain Fahd, inda masu aikin Sina'iyya ke hawa su tafi masana'antunsu. Gyaɗa, yaji, kuka, goro in ya samu. A bayana akwai allon talla mai gilashi, tsayin ƙofa. Hoton wata baƙar mace ne da farin kallabi da tsumma a hannu, ta washe haƙora kamar an ce mata uwarta ta dawo duniya. Wai tallan masu ba da hayar 'yan aikin gida ne. To kwanan nan wani marar abin yi ya tsiro da manna wata 'yar takarda daidai bakinta, da rubutun Larabci. Sitika, in ji yara. Gumin Jidda kuwa ba ya barin abu ya manne. Kafin hantsi gefe ya ɗago, kafin azahar ta faɗo, ƙattai su bi ta kai da takalma.

Tun ina ƙarama uwata ta koya min: takarda mai Larabci ba a barin ta a ƙasa, ba ka san ko sunan Allah na ciki ba. Shi ya sa in na ga gefen ya ɗago sai in miƙe in danne da babban yatsana. Wadda ta riga ta faɗo in tsince, in karkaɗe, in kawo gida in sa a jakar da ke saman durowa tare da sauran takardun da nake tsinta a hanya. Iyakar laifina ke nan. Ki rubuta iyakar.

Wani ɗan banza ya ɗauke ni a jawwal, wayar hannu, ina dannawa.

Lahadi, hantsi

Ban fita ba. Bari in faɗi na shekaranjiya don a san mafari.

Saleh ya faɗo gida ko sallama bai ƙarasa ba, ya tura min jawwal a fuska. "Ummi, esh hada? Wace ce wannan?" Na duba. Wata tsohuwa ce cikin koɗaɗɗiyar abaya ta miƙe tana danna gilashi kamar mai kashe kuɗin cizo. Na ce ban san ta ba. Sai na hango tirena. Har kiɗa aka sa min a ƙarƙashi. Kiɗa! Ni da ko a bikina ban taka rawa ba. A sama kuma an rubuta wai ga wadda ke manna sitikun, ga tsohuwar da ta gagari kamfani.

Ya taka kujera ya sauko da jakata, ya zazzage a tabarma. Takardun burodi, na asibiti, guntayen jarida, ga sitikun nan a tsakani. Ya ce, "Kin san abin da kike ajiyewa a saman kanki?" Na ce, "Da na iya karatu me zan yi da kai?"

Ya ɗauko ɗaya. Ashe matar tallan ce wai take magana: "Fasfona yana durowar Madam." Ya ɗauko wata: "Sunana ba Ya-Bint ba ne." Wato Ke-Yarinya. Akwai wadda na tsinta a bakin ƙofar bas, an yi ta sak irin alamar kujerar tsofaffi, amma wai, "Wannan kujera ta wanda ya san wani ce." Na ce, "Babu sunan Allah?" Ya ce, "Wala wahid, Ummi." Ko ɗaya.

Shi ne abin dariyar? Saboda wannan shirmen mutum ya hana kansa barcin asuba? Ni na yi aikin gidan Abdulmohsen tun ban isa ɗaura zane ba har kaina ya yi fari, matarsa ta mutu ba ta taɓa ce min A'i ba, ban manna wa kowa takarda ba. Mutanen yanzu, a harare su sai sun kai wa inji ya buga.

Mansura, me kika tsaya yi? Rubuta.

Lahadi, bayan magariba

Abin da Saleh ke tsoro shi nake tsoro, gara in faɗa. Iƙamata, takardar izinin zamana, ta mutu. Abdulmohsen ne kafilina, mai tsaya min a takarda, tun da ya rasu 'ya'yansa ke min bukra, bukra, kullum sai gobe. Ɗaya na Riyad, ɗaya ba ya ɗaukar waya. Shekaru ina raɓe-raɓe ba wanda ya kula, don wa ke kallon tsohuwa mai gyaɗa? Yau Jidda kaf ta kalle ni. In shurɗa, 'yan sandan nan, suka zo ba zancen sitika za su yi ba, iƙama za su ce. Daga nan gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a kora, daga nan jirgi, a sauke ni Kano.

Me zan yi a Kano? A goye aka fito da ni. A Sudan na yi rarrafe, a nan na yi wayo. Uwata tana ƙasar nan, Malam yana ƙasar nan. Mastura da muke sayar da tsintsiya tare, da aka kwashe ta, wanda ya gan ta ya ce tana zaune bakin filin jirgi da leda ɗaya, tana yi wa masu tasi Larabci suna dariya.

Litinin, bayan azahar

Saleh ya ce a zuba jakar a shara. Na ce sai dai ya haɗa da ni. An ƙona a kasko a saman bene yadda uwata ke yi, ya tafi da tokar zai zuba a teku. Ya ce, "Ummi, ƙasar nan ko ƙofar banɗaki da Larabci aka rubuta ta." Na ce shi ya sa ban taɓa hutawa ba.

Talata, hantsi

Ban fita ba.

Laraba, hantsi

Ban fita ba. Gyaɗa ta fara sanyi.

Alhamis, bayan la'asar

Na fita. Kar ki faɗa wa Saleh.

Bawa, Bahaushen Sudan ɗin nan da ke tsaron baƙala, shagon kayan masarufi a gefen tashar, yana hango ni ya fito yana tafi. "Hajja mai yatsa! Jama'a na ta nemanki." Na ce, "Uwarka ce mai yatsa." Ya ce, "Allah ya jiƙanta, ita ba ta yi suna haka ba."

Ko tire ban gama gyarawa ba mota ta ajiye wasu 'yan mata daga arewacin gari, kowace da kofin gahawa mai murfi tana tsotsa kamar wadda aka yaye jiya. Suka zagaye ni suna ɗaga min babban yatsa. Ɗaya ta durƙusa, ƙamshinta kaɗai ya isa ya kashe ƙuda. "Sunana Lama, ya khala. Dukanmu muna tare da ke." Na ce, "Tare da ni ina? A tarhil?" Ba ta gane ba. Na ce musu ni ko alif ban sani ba. Suka bushe da dariya, wai khala ta iya ɓoye kanta. A gidajensu akwai wadda ke wanke musu kofi, na rantse ko ɗaya ba ta san sunan uwar yarinyar ba. Suka kwashe gyaɗar duka, mai sanyin, suka jefa a bayan mota. Ba ci za su yi ba.

Babu sitika a allon yau. Na duba ne kawai, ban taɓa ba.

Asabar, bayan azahar

Sauda ce ke rubutu yau, maƙwabciyata, 'yar Kano, ta yi firamare kafin aure. Mansura na wurin aiki. Sauda, hannunki kamar na mai tsifar kai, yi sauri, kuma abin da kika ji a nan ya tsaya nan. Na san ki.

Ba zargin kowa nake ba. Tunani nake.

Tun kafin zancen jawwal ɗin nan akwai wadda ta ce min, "Inna, ki bar taɓa takardun nan, ba na Alƙur'ani ba ne." Ya aka yi ta sani, ni ban nuna mata ba? Akwai wadda ke aiki a Sina'iyya inda ake buga takardun da ake mannawa a jikin kwalabe. Motar kamfaninsu sai rana ta fito take zuwa, amma ita da an idar da asuba ta fice. Akwai wadda ta yi aikin gida kafin wannan, tana da tabon dutsen guga a damtse, ta taɓa ce min shekaru fasfonta na hannun Madam.

Kuma ranar da Saleh ke karanta min sitikun, tana tsaye bakin ƙofa. Leɓenta na riga nasa motsi.

Sauda ta ce, "Hajiya, ai littafi ɗaya ne, gobe ta buɗe za ta gani." Wallahi na manta. Ashe rubutu ba shi da amana, duk wanda ya buɗe shi faɗa masa yake. Ta ce ko ta yage. Bar shi, gara mai ɗakin baya ta gani. Ta karanta. Ni ba zan iya faɗa wa mutum da bakina ba alhali hannunsa na kan gwiwata yana shafa min man zafi.

Lahadi, bayan la'asar

Mansura ta dawo kan biro. Ta buɗe, ta karanta na jiya, sannan ta ce, "Ina ji, Inna."

To rubuta. Wanda ya yi aikin nan, ko wane ne, matsoraci ne, ɗan iska ne, marar tarbiyya. Ya yi ɓarna da duhu ya bar tsohuwa ta amsa da rana. Allah ya isa tsakanina da shi. Kin sa? Karanta min in ji.

Ta karanta. Ba ta rage ko harafi ba, har Allah ya isan.

Sa abin da muka yi bayan nan, yadda aka yi. Ta ce, "Inna, wanda ya yi bai san za ki taɓa ba." Na ce, "Kin san shi ke nan." Ta ce, "Na san irinsa." Na ce, "To ki faɗa wa irinsa ya je ya ce shi ne." Ta ce an daina, kwana kaɗan kowa zai manta, mutanen jawwal ba sa riƙe abu.

Na ce, "Wa ya amfana? An mayar wa matar hoton fasfonta?" Ta ce a'a. Ta ce amma akwai wata 'yar aiki da ke jiran bas da jakar cefane, wani ya karanta mata, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai kuma ta rufe fuska da mayafi.

Dariya. Za a sauke ni Kano saboda wata ta yi dariya.

Talata, kafin magariba

Ba a manta ba. Saleh ya zo da sabuwa a jawwal. Yanzu ni aka zana. Tsohuwa da abaya da ƙaton yatsa kamar taɓarya, ana manna ta a cikin bas-bas, a kan bakin duk mai talla: mai man shafawar da ke sa fari, mai gidajen bakin teku, har wani ƙato mai murmushi da ke tallan man goge baki. Ko kama ba mu yi ba. Hancina ba haka yake ba.

Mansura ta rantse da Allah wannan ba ta san da ita ba. Ban tambaye ta wacce ta san da ita ba.

Laraba, bayan la'asar

An zo.

Da hantsi, ba Saleh, ba Mansura. Wani mutum da farar riga ta sha guga, ya ce sunansa Raed, daga kamfanin da ke da allunan talla. Wa ya nuna masa gidan ban sani ba, amma Bawa bakinsa kamar ƙofar baƙalarsa yake. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma yana tattare riga kada ta taɓa ƙasata. Na ba shi shayi ya ce alhamdulillah. "Ya ummi" yake ce min. Wanda zai yanka ka da ladabi ya fi kowa iya gaisuwa.

Ya ce masu hayar 'yan aiki sun fusata, manyansa sun ce dole a kai ƙara, kuma fuskar da yake da ita tawa ce kaɗai. Na faɗa masa zancen uwata da sunan Allah. Ya jinjina kai, ya ce masha Allah, irinku sun ƙare. Ya ce, "Na san ba ke ba ce, ya ummi. Takardar nan ta inji ce, ba ta kasuwa ba. Amma kullum kina wurin. Ki ba ni wata fuskar in ajiye taki." Na ce ni gyaɗa nake kallo, ba fuska ba.

Yana sa takalmi ya juyo yana murmushi. "Iƙama lafiya, in sha Allah?" Na ce lafiya lau. Ya ce zai sake leƙowa.

Ga shi na faɗa a gabanki, da hannunki kika rubuta. Me kika ce?

Ta ce gobe za ta je ta same shi. Sa wannan ma.

Alhamis, bayan magariba

Ba ta je ba. Wai aiki ya yi yawa.

Juma'a, bayan la'asar

Yau ofis a rufe. Allah ya ba wasu hujja.

Na sa Saleh ya kai ni bakin maƙabarta. Mata ba sa shiga, a mota na zauna ina kallon katanga. Malam na ciki wajen bishiyar can, haka Saleh ya ce, ni ban taɓa gani ba. Uwata ma na ciki, ba wanda ya san ina. Ban taɓa roƙon ƙasar nan komai ba, ba gida, ba takardar zama ɗan ƙasa, ba ko kujera a bas. Rami ɗaya nake so bayan katangar nan. Shi ma sai da iƙama.

Saleh ya ce, "Ummi, in kin san wani abu, faɗi. Halas, a wuce wurin. Ba 'yarki ba ce." Na ce wa ya ce maka mace ce? Ya kunna mota.

Asabar, hantsi

Daren jiya mota ta tsaya a lungu, na shige bayan durowa da carbi. Mai gas ne.

Lahadi, bayan magariba

Ba ta je ba.

Ta zo ta zauna a ƙasa, ta ɗora ƙafata a cinyarta tana shafa man zafi. Ta kunna min muryar 'yarta daga Gusau, wai Mama an ba ni na ɗaya a hadda. Ban ce ta kunna ba. 'Ya'ya biyu, suna wurin uwarta mai ciwon ido. Ta ce, "Inna, jiya na kai har ƙofar ginin. Na ga mai gadi, na juyo." Ta ce in ita ce, ba jirgi kaɗai ba ne, sai an fara rufe ta. Ta ce tana da ƙawa a unguwar Mahjar mai ɗaki a saman bene, in je can in zauna har ƙura ta lafa.

In ɓuya a Mahjar kamar ɓera, da tsufana, a garin da na riga kwalta zuwa. Saboda me? Saboda ke kin iya rubutu.

Mai ƙarfin halin manna takarda da asuba, ga ta nan tana jiƙa min littafi. Goge idonki ki rubuta, kar ya lalace.

Hannunta ya iya tausa, wannan ba zan hana ta ba.

Talata, hantsi

Sauda ce. Jiya ba a yi rubutu ba, na ce na gaji.

Raed ya dawo jiya da safe. Wannan karon bai cire takalmi ba. Ya ce takardar ƙara na mota, daga nan can zai wuce. Na ce ya tsaya, ina da shaida, kullum ana rubuta min inda nake da abin da na yi. Ban ba shi littafin ba, ko na ba shi ba ya jin Hausa. Nuna masa bangon littafin kawai na yi.

Ban faɗi sunan kowa ba. Sauda, ki danna biron sosai a nan. Ban faɗi suna ba. Cewa ya yi, "Wa ke rubuta miki, ya ummi?" Na ce mai haya a ɗakin baya. Ya ce tana aiki? Na ce tana yi. Ya ce ina? Na ce Sina'iyya, inda ake buga takardun jikin kwalabe. Ya ce wane layi? Na faɗa. Tambayata aka yi na amsa. In babba ya tambaye ka a gidanka ƙarya za ka yi masa? Iyakar abin da na faɗa ke nan. Iyakar.

Ya sumbaci kaina. Na wanke wurin bayan ya fita.

Da yamma ta dawo da burodin tamis mai zafi da wake, wai ta ga kwana biyu ba na ci. Muka ci a kwano ɗaya. Ta ce, "Inna, ba rubutu yau?" Littafin na ƙarƙashin cinyata. Na ce na gaji. Ta ce gobe in sha Allah za ta sake gwadawa, in ta samu wanda zai raka ta. Na ce Allah ya kai mu.

Me kike kallona? Ke biro ce, Sauda. Biro ba ya kallon mutane.

Talata, bayan isha

Ba ta dawo ba.

Laraba, bayan azahar

Ba ta dawo ba. Wata da suke aiki tare ta faɗa wa Sauda wai a bakin ƙofar masana'anta aka tare ta. Wasu sun ce su biyu ne, wasu sun ce ita kaɗai. Wasu sun ce an samu abu a jakarta, wasu sun ce ba a samu komai ba. Kowa da bakinsa. Inda aka kai ta ba wanda ya sani, ko ya sani ba ya faɗa.

Wa ya aike ta? Ni na saya mata gam?

Alhamis, bayan la'asar

Raed ya kira Saleh. Wai halas, kamfani bai san wata tsohuwa ba. Saleh ya shigo ya rungume ni, "Mabruk, Ummi." Bai tambaye ni komai ba. Ɗan kirki, ya gaji ubansa wajen sanin abin da ba a tambaya.

Iƙamar dai tana nan a mace yadda take. Amma ba wanda ke nema.

Asabar, hantsi

Jawwal ɗina na ta kuka tun jiya. Sauda ta ce lambar Najeriya ce. Ban ɗauka ba, ban san inda ake dannawa ba. Sauda ta ce, "Hajiya, koren ake dannawa, kin fi kowa sani." Wa ya ce ki rubuta wannan?

Na rufe ɗakin baya. Takalminta na wanka na bakin ƙofa, ɗaya ya kife. Gwiwata ta kumbura.

Litinin, bayan la'asar

Na koma tasha. An wanke gilashin, an sa sabon hoto. Matar dai ita ce, haƙoran su ne. An ƙara wani ido mai ɗaukar hoton mutane a saman rumfa, yana kallon daidai inda nake zama. Su Lama ba su dawo ba. Bawa ya ce yanzu wata kyanwa ce mai hawa bas ake yayi. Bai ce min mai yatsa ba. Bai ce min komai ba sai ina kwana.

Laraba, kafin magariba

Sauda ta ce in nemi wani mai rubutun, hannunta na ciwo. Ƙarya take. Yi min na yau kawai.

Da na isa da safe akwai sitika a bakin matar. Ban kalla ba. Na juya baya na jera kayana. Wadda ta yi tana can inda take, to wannan kuma wane marar aikin yin ne? Masu hawa bas suna tsayawa su karanta, ba mai dariya. Abin ya dame ni, don da dariya suke.

Na ce, "Bawa, akwai sunan Allah a ciki?" Ya leƙa daga ƙofar baƙala ya ce babu. Na ce to me aka ce? Ya yi ta goge teburin shagonsa da tsumma. Na ce kurma ka zama? Ya ce, "Kalma biyu ce, Hajja. Fen Mansura." Ina Mansura.

Na ce ba ruwana. Na sayar da yaji, na sayar da kuka. Hantsi ya yi, na ji a jikina gefen ya ɗago, ban juya ba. Idon nan na sama yana kaina. Kafin azahar ta faɗo, iska ta kawo ta gaban tirena, rubutun a sama. Babu sunan Allah, an faɗa min, ba abin da ya wajaba a kaina. Uwata ma da tana nan ba za ta ce komai ba.

Bas ta tsaya, mutane suka zubo. Wani ƙato da takalmin masana'anta, duk baƙin mai, ya ɗaga ƙafa zai sauke a kai. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, da Hausa ma, shi kuwa ɗan Bangali ne ko oho. Na ce, "Kai! Sunan mutum ne!"

Ya ja da baya yana kallona kamar mahaukaciya. Na sunkuya da gwiwar nan tawa na tsince, na karkaɗe.

Ban san ko idon ya gani ba. Tun ɗazu duk motar da ta shigo lungu sai na leƙa ta taga. Saleh ya ƙona tsohuwar jakar, na samu wata leda.

Ajiye biron, Sauda. Kin fi ni tsawo. Taka kujerar nan ki sa min ita a saman durowa.